Switch 2 da hayaniyar da ta biyo bayanta: tambayoyi da amsoshi ga 'yan gem na Legas

Ina riƙe da ɗan gidan gem a Agege, ina kuma gyaran hannayen gem idan sun soma ba da matsala. Tun da kamfanin Nintendo ya sanar da sabuwar na'urarsa tambayoyi ba su yanke ba, daga samarin unguwa, daga 'yan'uwa na Idi-Araba da Obalende da Mile 12, har da iyayen da yara suka hana sakat. Na tattaro waɗanda aka fi maimaitawa. Yawancin hayaniyar da ake gani a intanet daga Amurka da Turai take fitowa, kuma a kan dala ake yin ta. Mu a nan lissafinmu ya haɗa da naira da wuta da data da rashin garanti, don haka akwai kukan da suka yi da ƙarfi wanda bai dame mu sosai ba, akwai kuma wanda suka ɗan taɓa suka wuce alhali mu ya fi ci.

Wai mene ne ma aka sanar, kuma yaushe?

Ranar 16 ga Janairun 2025 Nintendo, kamfanin nan na Kyoto a Japan, ya saki ɗan gajeren bidiyo wanda babu wanda ya yi magana a cikinsa, ya nuna na'ura mai suna Switch 2. Cikakken bayani sai ranar 2 ga Afrilu, a wani shiri na kusan awa guda. Ta shiga kasuwa ranar 5 ga Yuni.

Fuskarta inci 7.9 ce, ta tsohuwar Switch kuwa 6.2. Memorinta 256GB, waccan 32GB. Hannayen nan biyu da ake cirewa a gefe yanzu maganaɗisu ke riƙe su, kuma ana iya kifa su a kan tebur a yi aiki da su a matsayin linzamin kwamfuta. Idan aka ɗora ta a mazauninta aka jona da talabijin tana iya fitar da hoton 4K. An ƙara mata wani maɓalli mai harafin C don hira da abokai ana cikin wasa, kuma yawancin gem ɗin tsohuwar Switch suna yi a kanta.

Yaya, na ga da farko kowa murna yake yi, daga baya aka koma zagi. Me ya faru a tsakani?

Murnar Janairu tana da dalili. Tsohuwar Switch ta fito a watan Maris na 2017, an sayar da sama da miliyan 150, amma bayan shekara takwas kowa ya ga ta gaji, manyan gem na zamani sun fi ƙarfinta. Sannan masoya Nintendo suna da wani tsohon tsoro. A 2012 kamfanin ya fitar da Wii U, mutane da yawa suka ɗauka wani ƙarin kayan haɗi ne na tsohuwar Wii, aka ƙare da sayar da miliyan 13 da 'yan kai kacal. Da aka ga wannan karon an rubuta 2 ƙarara, kuma siffar ba ta canza ba, sai hankali ya kwanta.

Abin ya juya ne a shirin Afrilu. An yi awa guda ana nuna gem masu ƙayatarwa, aka rufe ba a faɗi farashi ba. Sai da mutane suka leƙa shafukan kamfanin suka tarar na'urar dala 449.99 ce, wato ƙarin dala 150 a kan kuɗin da tsohuwar ta fito da shi. Wannan da yawa sun haɗiye shi. Abin da ya tunzura su shi ne gem ɗin tseren mota da aka fito da ita da shi, Mario Kart World, dala 79.99 idan za ka saye shi shi kaɗai, alhali an saba da 60 zuwa 70. Aka ƙara da wani ɗan gem mai suna Welcome Tour, wanda aikinsa kawai ya zagaya da kai ya nuna maka yadda na'urar take, shi ma aka sa masa dala 9.99. Nan take mutane suka tuna cewa PS5, wato PlayStation 5 ta kamfanin Sony, ta zo da irin wannan gem mai suna Astro's Playroom a cikinta kyauta. Washegari da Nintendo ya buɗe shirin kai tsaye don nuna yadda ake buga sababbin gem ɗin, wurin sharhi ya cika da jimla guda ana ta maimaitawa: a rage farashi.

A ranar 2 ga Afrilun nan dai Shugaba Donald Trump ya sanar da sabon harajin shigo da kaya, har da kashi 46 cikin ɗari a kan Biyetnam, inda ake haɗa wani kaso na na'urorin. Nintendo ya ɗage karɓar kuɗin masu kama layi a Amurka daga 9 zuwa 24 ga Afrilu. Farashin na'urar bai motsa ba, amma na kayan haɗi ya ɗan hau.

Ni ina tare da masu fushin dala 80. Idan kamfani ɗaya ya gwada ya ga an saya, sauran ba za su tsaya kallo ba, kuma duk dala goman da aka ƙara a can, a nan dubbai ne.

To sun rage?

Ba su rage ba, kunnen uwar shegu suka yi, kuma kasuwa ta mara musu baya. A Japan kaɗai mutum miliyan 2.2 suka shiga ƙuri'ar neman damar saye a shagon kamfanin, har shugaban Nintendo, Shuntaro Furukawa, ya fito ya ba da haƙuri cewa kaya ba za su isa kowa ba. A kwana huɗun farko an sayar da sama da miliyan 3.5 a duniya, abin da wata na'urar Nintendo ba ta taɓa yi ba. Zuwa ƙarshen Satumban 2025 an haye miliyan 10.

Ke nan duk surutun masoya aikin banza ne?

A'a, an sha ganin inda ya yi aiki. A 2013 Microsoft ya sanar da Xbox One da sharaɗin sai ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24, ga kuma takunkumi a kan aron faifai da sayar da na hannu. Jama'a suka yi ca, Sony ya shigo da PS4 a dala 399, ƙasa da ta Microsoft da dala ɗari, ya ce faifanka naka ne ka ba wanda ka ga dama. Kafin watan Yuni ya fita Microsoft ya janye sharuɗɗan. A 2025 ma Microsoft ya sa wa gem ɗin The Outer Worlds 2 dala 79.99, ya ga yadda aka karɓi abin, ya dawo da shi 69.99 tun kafin ya fito. Shi kansa Nintendo ya taɓa sauko da na'urarsa ta hannu 3DS daga dala 249.99 zuwa 169.99 a 2011, wata biyar bayan fitowarta a Amurka, domin ta ƙi tafiya a kasuwa.

A duka ukun, kamfanin ya ga alamar aljihunsa zai taɓu. A kan Switch 2 kuwa, da yawa daga cikin masu rubuta a rage farashi su ne suka kwana a layi.

A naira nawa ke nan?

A nan ne labarinmu ya rabu da nasu. A tsakiyar 2025 dala tana tsakanin naira 1,500 da 1,600, don haka dala 450 ta kama kusan naira 700,000 tun kafin a yi maganar jirgi da kwastam da ribar mai shago. Mafi ƙarancin albashi a jihar Legas a lokacin naira 85,000 ne, na tarayya 70,000. Ma'aikacin da ke kan wannan matakin a Legas sai ya tara albashin wata takwas cur bai taɓa ko sisi ba. Gem ɗin dala 80 kuwa ya haye naira 120,000, ya fi albashin wata guda.

Ku duba baya kaɗan. A tsakiyar 2017 dala tana wajen naira 360 a hannun 'yan canji, saboda haka Switch ta dala 300 ba ta wuce naira 110,000 a lissafin canji ba. Ba'amurke yana kukan an ƙara masa rabin kuɗin da ya biya a da. Mu ninki shida ne da ɗoriya, kuma mafi yawan wannan nauyin ba daga Kyoto ya zo ba, daga faɗuwar naira ne tun da aka sake ta ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023. Duk wanda ke da ɗan'uwa mai canji a Allen ko Broad Street ya san yadda abin ya yi tashin gwauron zabo cikin 'yan watanni. Ko da Nintendo ya ji kukan masoya ya rage dala 50, da wuya yaron da ke zuwa gidan gem ɗina ya ji bambanci.

Ba zan rubuta farashin shago a nan ba, domin yana bin dala, na safe daban na yamma daban. Ka tambayi shago uku a Computer Village, ka tambayi biyu a Alaba, sannan ka yi lissafin canjin ranar da kanka.

Wani ya kawo min sabuwa fil da araha sosai, ya ce daga Japan take. In karɓa?

Tsaya tukuna. Nintendo ya fitar da iri biyu a Japan. Akwai wadda ta fito a kan yen 49,980 a 2025, wadda Japananci kawai take ji, kuma ba ta karɓar akawun sai wanda aka yi wa rajista da ƙasar Japan. Akwai kuma mai harsuna da yawa, wadda ta fito a kan yen 69,980. An yi mai arahar ne don mutanen gida saboda yen ta yi rauni. Idan ta faɗo hannunka a Legas ba za ka iya mayar da ita Turanci ba, babu kuma mai gyaran da zai yi maka wannan a layin Otigba na Computer Village. Kafin ka biya, a kunna a gabanka, a shiga wurin zaɓen harshe. Sauran na Amurka da Ingila da Turai ba a kulle su da yanki ba, katin wata ƙasa yana yi a na'urar wata.

Malam, mene ne wannan katin da ake cewa babu gem a cikinsa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi min, domin a ganina ita ce babbar matsalarmu, ta fi ta farashi.

A da idan ka sayi katin Switch, gem ɗin yana ciki. Ka zura, ka buga, ko kana ƙauyen da babu sabis. Da Switch 2 aka shigo da wani sabon iri da ake kira Game-Key Card. Kwali ne kamar kowane kwali, da jan kati a ciki, amma abin da ke kan katin izini ne kawai. Idan ka zura shi sai na'urar ta nemi intanet ta sauke gem ɗin gaba ɗaya zuwa memorinta, kuma bayan haka duk lokacin da za ka buga sai katin yana ciki. Kamar ka biya kuɗin buhun shinkafa a Mile 12 ne a miƙo maka takarda, a ce ka je Apapa ka ɗauko da kuɗin motarka. Kamfanoni da yawa da ba Nintendo ba sun rungumi wannan tsarin domin ya fi musu araha, Street Fighter 6 yana cikin waɗanda suka fito haka. Cyberpunk 2077 kuwa an zuba shi dukansa a kan kati mai 64GB, masoya suka yi ta yaba wa kamfanin da ya yi shi.

A Turai masu ƙorafi a kan wannan yawanci masu tara kaya ne, suna tunanin ranar da za a rufe rumbun saukewa bayan shekaru. Damuwarsu gaskiya ce, amma ta gobe ce. Tamu ta yau ce. Wasu gem ɗin suna kai 50GB. Mutumin da ke da intanet na gida mara iyaka ba zai ji komai ba, amma yawancinmu da ɗan MiFi ko hotspot na waya muke aiki, ga shi a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Ka bar na'ura a jone da daddare, ka tashi da asuba ka tarar data ta ƙare a tsakiya ko wuta ta ɗauke MiFi ya mutu. Sannan memorin 256GB ɗin da ake ta yabo, manyan gem biyar ko shida sun cinye shi.

Akwai kuma yadda kasuwarmu take tafiya. Kaɗan ne a cikinmu ke sayen sabon gem. Musaya muke yi: ka gama wannan, ka kai shago ka cika 'yan dubbai ka karɓi wancan. A yi wa katin adalci, ba a ɗaure shi da akawun ba, ana iya sayar da shi ko a ba da aro. Sai dai duk wanda ya karɓa shi ma sai ya sake sauke gem ɗin daga farko da datarsa, don haka kowace musaya ta zo da ƙarin kuɗin da ba a gani a bakin ciniki.

Gane shi ba wuya. A ƙasan gaban kwalin akwai farin layi da hoton mabuɗi, an rubuta girman abin da za ka sauke. Ka karanta wannan kafin ka tambayi farashi.

Na ji ana toshe na'urar mutum. Gaskiya ne? Ni tokumbo nake so in saya.

Gaskiya ne, kuma mai sayen ta hannu ya fi kowa shiga haɗari. A watan Mayun 2025 Nintendo ya sabunta yarjejeniyarsa da masu amfani a Amurka, ya ce yana da ikon hana na'ura aiki idan aka yi mata kutse. Bayan fitowar Switch 2, waɗanda suka zura wani katin kwafi mai suna MIG suka tarar an yanke na'urarsu daga duk wata hidimar intanet ta kamfanin. Lambar da take nunawa ita ce 2124-4508. Toshewar a jikin na'urar take, canza akawun ba ya warware ta. Na'urar da aka toshe ba za ta shiga shagon saukewa ba, wanda ke nufin katin mabuɗin nan da na yi bayani ba zai yi mata amfani ba sam.

Wani matashi mai sayar da kayan waya ya kawo min tasa a leda, da kwalinta da komai, ko ƙwarzane babu. A shagon da ya saya an zura masa kati, mota ta yi gudu a fuska, ya biya. Da muka jona ta da intanet a wurina sai ga lambar nan. Ya koma, aka ce masa kaya sun bar shago. Na ga yadda jikinsa ya mutu, kuɗin da ya daɗe yana tarawa ne.

Saboda haka kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da datarka, ka kunna hotspot a cikin shagon, a jona na'urar, a buɗe eShop, wato shagon saukewar na Nintendo, a gabanka. Ka duba lambar jikin na'urar ta yi daidai da ta kwali, a rubuta ta a rasit. Kada ka bi 'yan kamashon da ke tare mutane a bakin hanya, ka shiga shago mai suna da lamba wanda za ka iya dawowa gobe ka same shi. Idan mai kaya ya ce babu lokacin gwaji, ka ɗauki kuɗinka ka yi gaba.

Ina da gidan gem a Ijora. In sayar da PS ɗina in sa Switch 2?

Kada ka soma, ɗan'uwa. Ka san abin da yaranmu ke zuwa bugawa: ƙwallo, sai ɗan dambe irin Mortal Kombat. EA Sports FC 26 ya fito a Switch 2 a watan Satumban 2025, amma hannun kwastoma ya saba da na PlayStation, kuma idan hannu ya lalace na PS4 yana ko'ina a Alaba, da sabo da na hannu da kayan gyaransa. Hannayen Switch ƙanana ne, ba a yi su don yaro ashirin su murza a rana ba. Gem ɗin GTA VI kuwa, PS5 da Xbox Series aka sanar zai fito a kansu. Idan kana da rarar kuɗi ka ƙara PS5 guda, ko ka sa sola.

Batun wuta fa?

A nan kam Switch 2 ta ci yabo, kuma yabo ne da ba za ka ji shi a bakin Bature ba domin bai san zafin abin ba. PS5 tana jan wajen wat 200 idan ana cikin wasa. Switch 2 a kan talabijin wajen wat 20 take ja, ƙaramar inbata ta ishe ta. Idan nefa ta ɗauke ana tsakiyar wasa ba ta mutuwa, ka zare ta daga mazauninta ka ci gaba a hannu. Batirinta yana kai awa 2 zuwa 6 da rabi, gwargwadon nauyin gem ɗin. Ga wanda ke layin Band A, inda kuɗin wuta ya haye naira 200 a kan kowane yunit tun Afrilun 2024, ko wanda ke ƙona fetur a janareta, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Cajarta tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka ta Amurka ma tana yi a nan, bakin filogin kawai za ka nema wa adafta. Ta Ingila tana shiga soket ɗinmu kai tsaye. Kada ka jona mazaunin da cajar tsohuwar Switch, ba za ta fitar da hoto a talabijin ba. Kamfanin ya ce a yi amfani da ita a zafin da bai wuce digiri 35 ba. Wanda zai tafi da ita gida hutu a watan Afrilu, Sakkwato ko Maiduguri, ya kiyaye, kada a bar ta a mota.

Me ya sa ba na ganin Najeriya a shagonsu na intanet?

Domin Nintendo bai buɗe eShop don Najeriya ba, haka ma shagon PlayStation. A Afirka, Afirka ta Kudu ce ke da su. Mutanenmu kan buɗe akawun da sunan Amurka ko Ingila, su sayi katin kuɗi na eShop su loda. Katin dole ya zama na ƙasar da akawun yake, na dala ba ya shiga akawun fam. Wannan rashin wakilcin ne kuma ya sa garantin da ke cikin kwali bai da amfani a nan. Garantinka shi ne amanar mai shagon da ya sayar maka.

Buga yawancin gem da mutane ta intanet sai da rajistar Nintendo Switch Online, wadda a Amurka a 2025 take dala 19.99 a shekara.

An gyara matsalar sandar nan mai tafiya da kanta?

Tsohuwar Switch ta yi ƙaurin suna a kan wannan: ka saki hannu, ɗan wasanka ya ci gaba da tafiya gefe. Masoya sun so a sa irin sandar da ke aiki da maganaɗisu wadda ba ta gogewa, Nintendo ya tabbatar ba ita ya sa ba, ya ce dai an sake ƙera ta daga tushe. Abin da nake gani idan na buɗe tsofaffin hannaye shi ne ƙura da gumi sun daskare a ƙarƙashin 'yar robar da ke gindin sandar, musamman bayan hunturu. Ka ajiye ta a jakarta, kada yara su taɓa da hannun mai. Idan ta hannu za ka saya, ka shiga wurin daidaita sanda a saitin, ka saki hannunka, ka ga ko alamar ta tsaya cak a tsakiya.

Ni uwa ce, yarana sun dame ni. Ba za ta hana su karatu da salla ba?

Hajiya, za ta iya, idan aka miƙa musu aka juya baya. Amma a wannan fannin Nintendo ya yi ƙoƙari. Akwai manhaja kyauta ta waya, Nintendo Switch Parental Controls, da za ki sa iyakar lokaci a kowace rana, ki ga abin da suka buga, ki kuma sa wasa ya tsaya da kansa idan lokaci ya cika. Hirar maɓallin C ba ta buɗuwa ga yaron da bai kai shekara 16 ba sai da izinin iyaye. A jikin kwalin Turai akwai lambar shekaru, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, ki riƙa dubawa.

Abin da na fi so ki sa wa ido shi ne sayayyar cikin gem, musamman na ƙwallo, inda ake biyan kuɗi a buɗe ƙunshin 'yan wasa ba a san wanda zai fito ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018. Hukuncinsa a addini na malamai ne, amma ni ba na barin a yi shi a wurina, kamar yadda ba na barin a ɗora kuɗi a kan wasa. Kada ki bar katin bankinki a kan na'urar.

Idan yaran ƙanana ne, tsohuwar Switch ta hannu mai lafiya ta ishe su, gem ɗinta sun fi yawa a kasuwa kuma suna cikin katinsu.

In jira farashi ya sauka?

A da haka ake yi, na'ura ta shekara biyu ko uku sai a rage mata kuɗi. Wannan zamanin ya juya. A watan Agustan 2025 Sony ya ƙara dala 50 a kan PS5 a Amurka, shekara kusan biyar bayan fitowarta, kuma a cikin watan na Agusta Nintendo ya ɗaga tsohuwar Switch daga dala 299.99 zuwa 339.99. Don haka kada ka zauna jiran ragi daga kamfani. Abin da ke sauka a Legas shi ne kuɗin ɗoki, wato abin da 'yan kasuwa ke ɗorawa lokacin da kaya ke da wuya, kamar yadda aka gani da PS5 a ƙarshen 2020. Jira yana kuma ba da lokaci katunan hannu su taru a shaguna, masu gyara su san cikinta, kayan gyara su iso. Wanda sai ya ci bashi ko ya taɓa jarinsa zai saya, shawarata ya bari. Wanda ke da hali kuma akwai gem biyu ko uku da ya tabbata yana so, ya saya, na'ura ce mai kyau.

Ina da tsohuwar Switch. Idan na sayi sabuwar, me zan yi kafin in sayar da waccan?

Kada ka sayar sai sabuwar ta shigo hannunka. Lokacin kunnawar farko za ta tambaye ka ko kana so ka kwaso kayanka, sai ka ajiye su kusa da juna, duka a jone da intanet da caji, ka bi umarnin. Ajiyar wasanninka da hotuna za su koma, gem ɗin da ka saya ta intanet kuwa sai an sake sauke su, don haka ka fara da waɗanda kake bugawa yanzu. Tsohon katin memorinka ba zai ɗauki gem a Switch 2 ba, sai irin da ake kira microSD Express, mai alamar EX a jikinsa. Ya fi na da tsada kuma jabun memori sun yi yawa a kasuwa, ka sa a gwada a cikin na'urar kafin ka biya. Tsofaffin hannayenka suna haɗuwa da sabuwar ba tare da waya ba, za su yi maka amfani idan baƙi sun zo, amma ba sa maƙaluwa a jikinta, sai ka tanadi abin cajinsu daban. Bayan ka tabbatar komai ya koma, ka shiga saitin tsohuwar ka goge ta gaba ɗaya, ka cire katin memorinka, sannan ka kai ta kasuwa.